Ƙasan Shafi na Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin da shida na yi ina sana'ar jarida a Kafanchan, kuma cikin ranakun nan duka akwai wata Laraba ta watan Agusta da ban taɓa mantawa da ita ba. Ku da kuka shigo sana'ar daga baya kun sha tambayata abin da ya sa nake yawo da babbar waya a aljihu, alhali ko kira ba na yi da ita. To, yau zan faɗa muku, bi da bi, yadda abin ya faru.

Sunana Bulus. A lokacin ni ne wakilin wata jaridar mako-mako da ake bugawa a Kaduna, mai kawo labaran yankinmu, rabi da Hausa rabi da Turanci. Wakili a wurinmu ba mai rubuta labari ba ne, mai karɓa ne ya rarraba. Ana buga jaridar ranar Talata, a ɗaure ta a naɗe da leda, motar kamfani ta taso da sassafe ranar Laraba ta biyo ta Kaciya, ta iso rumfata da ke kusa da tasha wajen ƙarfe tara. Ni zan kwance ɗaurin, in ware na masu karɓa duk mako, in ba masu babur na Manchok da na Madakiya, sauran in shimfiɗa a tebur.

Aikina na biyu shi ne karɓar sanarwa. Mai canja suna, ko mai sanar da rasuwa, zai kawo mini rubutu da hoto. In sa a ambulan, in manne da kaina, in ba direba hannu da hannu, sanarwar ta fito a mako na gaba. Ambulan ɗin nan ba a buɗe shi sai a teburin mai tsara shafi a maɗaba'a. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A gaban rumfata akwai benci, kuma bencin yana da doka. Mutum biyu suka kafa ta: Alhaji Garba mai citta, wanda kakanninsa ma a kasuwar garin nan suka yi ciniki, da Baba Ayuba, tsohon hedimasta mutumin Manchok, wanda kowa ke kira Hedimasta. Sun kafa ta ne bayan wata rana da wani saƙon waya na ƙarya ya watse kasuwa, mutane suka bar kayansu suka gudu, ba a san abin da ake gudu ba. Tun daga ranar suka ce labarin da ba ya barin baƙin tawada a yatsa ba a faɗarsa a kan bencin nan. Kullum Alhaji in ya karɓi jaridarsa sai ya goga babban yatsansa a kan kanun labari, ya duba, sannan ya fara karatu. Ni kuwa dokar ta yi mini daɗi, don da ita nake cin abinci.

Akwai abu ɗaya kuma da ya kamata ku sani. Matata Rifkatu ta rasu a Agustan shekarar da ta gabaci wannan. Ba zan yi maganar ciwon ba. Da shekara ta kusa zagayowa, sai na ce ni da na aika sanarwar mutane ba iyaka, bari in aika tata. Na rubuta layi huɗu, da ranar sujadar tunawa da ita a majami'armu. Hoto ne ya ba ni wahala. Rifkatu ba ta son a ɗauke ta, takan ce mai son ganinta ya zo gida. Guda ɗaya na samu da fuskarta ta fito sosai, na wani biki, tana tsakiyar mata. Na sa almakashi na yanke ta daga cikinsu. Hannun wata mata ya rage a kafaɗarta, na rasa yadda zan cire shi ban taɓa kafaɗar ba, sai na bar shi. Ban gaya wa kowa ba, ko 'ya'yana. Manajan rarrabawa, wanda shi ne shugabana a Kaduna, ya aiko mini cewa za ta fito a ƙasan shafi na goma sha ɗaya. Niyyata ita ce in zare kwafi na farko daga ɗauri, in zaga bayan rumfa, in gan ta ni kaɗai kafin kowa.

Tun ranar Litinin ake ruwa, irin wanda ba ya tsawa ba ya iska, zuba kawai yake. Ranar Laraba na buɗe rumfa ƙarfe takwas. Tara ta yi, ba mota. Hedimasta ya iso da lemarsa mai karyayyen ƙarfe, ya zauna yana matse ƙafar wando. Wajen tara da rabi ƙaramar wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Mai maganar ya ce shi ne Manaja, wayarsa ta faɗa ruwa, da ta matarsa yake kira. Ya ce ruwa ya cinye wata kwalbati a hanya, motarmu ta shiga ruwa injin ya mutu, jarida ba za ta iso ba yau, watakila har gobe. Ya ce sun saki jaridar waya kyauta, sun tura wa duk lambobin masu karɓa, in gaya wa mutanena su karanta a can. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe aka fara..." sai layin ya yanke. Na kira lambar, ba ta shiga. Na kira tsohuwar lambarsa, ba ta shiga. Sabis ya ɗauke a garin gaba ɗaya.

Zuciyata ta kasu biyu, kuma duka biyun zargi ne. Na farko, anya shi ne? Muryar ta yi kama, amma cikin ƙarar ruwa a kan kwano kowace murya tana kama da kowace. Na biyu, in ma shi ne, anya ruwan ne? An daɗe ana raɗe-raɗin cewa hanyar Kafanchan tana cin mai, kamfani na neman dalilin da zai daina aiko mota. Na gaya wa Hedimasta. Ya ce shi dai bai ji komai ba, tunda ta waya maganar ta zo.

Muna nan sai ga Alhaji Garba, da 'yarsa Zainab a bayansa, lema ɗaya. Ban taɓa ganin ya zo tasha da 'yarsa ba. Zainab ta gama makarantar koyon aikin lafiya shekara biyu kafin nan, tana zaune a gida tana jiran aiki. Hedimasta ya tambaye shi ko citta ce ta jiƙe ya fito neman mai saye da rahusa. Alhaji ya ce cittarsa ta fi lemar wasu lafiya. Amma bai yi dariya ba, bai kuma zauna ba.

Ya ce yau zai karya doka, a yafe masa. Lambar da ya ba kamfani ta Zainab ce, don shi ba ya duba saƙo. Da safe, kafin sabis ya ɗauke, wani abu ya shigo wayarta mai kama da jaridarmu, shafi goma sha shida cif. A ciki akwai jerin sunayen waɗanda aka kira tantancewa don ɗaukar ma'aikatan lafiya, gobe Alhamis ƙarfe takwas na safe a Kaduna, kuma an rubuta cewa wanda bai zo ba ya sauke kansa. Sunan Zainab yana ciki.

Ga inda matsalar take. Hanyar Kaciya ta yanke. Sai dai a zaga ta Manchok a ɓulla ta Saminaka, tafiyar wuni guda, kuma hanya ce da ba a so rana ta faɗi mutum yana kanta. Direban motar ƙarshe ya riga ya faɗa cewa sha biyu na yi zai tashi, ko ta cika ko ba ta cika ba. Sannan dukanmu mun san abin da ya sami ɗan wani malami a Madakiya a shekarar da ta wuce. Shi ma shafi aka turo masa da tambarin jarida, da sunansa a jeri. Ya tafi Kaduna da takardunsa. Kwana biyu ba a san inda yake ba, ya dawo ba takardu, ba waya, kuma har yau ba ya son a tambaye shi.

Alhaji ya ce, "Malam Bulus, kai ne mai jarida. Duba mini. Taku ce ko ba taku ba ce?"

Zainab ta miƙo wayar da hannu biyu. Ban iya ta ba, sai ita ta riƙe tana turawa da yatsa ina kallo. Na fara da abin da na sani. Tambarin namu ne. Hedimasta ya ce na ɗan malamin ma tambarin gaske ne. Na ɗauko ragowar ta makon jiya na duba lambar fitowa, ta wayar ta ɗara ta da ɗaya, daidai. Hedimasta ya ce ya koyar da ƙidaya shekara talatin, kuma cikin ɗalibansa har da ɓarayi. Na sa Zainab ta karanto lambar da ta turo saƙon, na gwada da wadda ta kira ni. Iri ɗaya. Na ɗan ji sanyi. Hedimasta ya ce wannan ya nuna mutum ɗaya ne, bai nuna ko wane ne mutumin ba. Alhaji ya ce yau kam bakin Hedimasta ya yi amfani.

Zainab ta tura zuwa jerin sunayen. Ya fara a shafi na goma, ya tsallaka saman na goma sha ɗaya. Sunanta yana layi na uku a shafi na goma sha ɗayan. Da na ga lambar shafin a kusurwa, sai na ɗora hannuna a kan nata na ce ya isa haka, na gani. Ta tsaya.

Tun daga wannan lokacin na san yadda zan gane gaskiya. Abin da ya rage kawai yatsa ya ƙara turawa sau ɗaya. Amma ban bari an tura ba. Ban so in ga Rifkatu a gilashin wayar wani ba, a gaban tasha, 'yan kamasho suna leƙe, ruwa yana ɗiga daga kwano. Shekara guda ina riƙe da kaina a gaban mutanen nan, ban san abin da fuskata za ta yi ba. Kuma akwai wani tsoron. In aka tura aka tarar ba ta nan fa? Ban san wanne ya fi mini nauyi ba.

Sai na shiga kawo wasu dalilai. Na ce rubutun ya yi kama da namu, amma ba zan iya cewa ba. Na ce a jira ko sabis zai dawo. Muka jira. Sha ɗaya ta wuce. Zainab, wadda ba ta ce komai ba tun zuwansu, ta yi magana da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce wa mahaifinta in ƙarya ne, kwana biyu kawai ta yi asara, in kuwa gaskiya ne ba ta san ko za a sake kiranta ba. Alhaji bai kalle ta ba. Ya ce, "In ƙarya ne, ba kwana biyu zan yi asara ba."

Ya juyo gare ni. Ya ce ba zai matsa mini ba, kalma ɗaya yake so. In na ce tamu ce, ta tafi. In na ce ban sani ba, su koma gida, Allah ya kawo wani rabon. Na ce, "Alhaji, ban sani ba."

Ƙarya na yi, ko abin da ya yi kusa da ita. Ya gyaɗa kai, ya yi mini godiya, godiyar da har yau in na tuna ta nake jin kunya. Ya buɗe lema. Zainab ta sa wayar cikin leda, ta goge fuskarta da gefen hijabi kamar ruwan sama ne. A hannunta na hagu akwai wata jakar leda da ban lura da ita ba sai lokacin. Takardunta ne a ciki, da kaya kala ɗaya. Ta fito da shirinta ke nan. Rifkatu ma haka take, ba ta gardama da baki, sai dai ka ga ta riga ta ɗaura kaya.

Sun kai bakin kwalta na kira su. Na ce, "Zainab, dawo. Koma shafin nan. Tura ƙasa."

Ta dawo, ta buɗe, ta tura. Ƙarƙashin jerin sunayen akwai layin da ke raba shafi, sai sanarwar canjin suna guda biyu, sai ita. Rifkatu, da ɗaurin ɗankwalinta da ke karkata hagu kullum, da layuka huɗun da na rubuta, ba a canja ko kalma ba. Har inda almakashina ya karkace a gefen kunnenta ya fito. Zainab ta ce, "Mama ce," a hankali, don haka take kiran matata, ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton ya cika gilashin. Ban san waya tana yin haka ba. Ban taɓa ganin fuskar nan da girma haka ba tun da aka rufe akwati.

Hedimasta ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ni na riƙe bakin tebur. Sannan na yi musu bayani yadda na yi muku: ni na yanke hoton, ni na manne ambulan, ni na ba direba, kuma ba mai shi a duniya sai ni da mai tsara shafi. Duk wanda ke da wannan shafin, daga maɗaba'armu ya same shi.

Hedimasta ya yi gyaran murya. Ya ce ya san ba lokacin gardama ba ne, amma ran yarinya ake magana, dole ya faɗa: ɓarawo zai iya samun jaridar gaske ya taɓa saman shafi ya bar ƙasa. Ban ji haushinsa ba, aikinsa yake yi. Na ce zai yiwu. Amma na ɗan malami shafi ɗaya ne tak, kuma wani gida aka kwatanta masa a bayan gari. Wannan kuwa jarida ce sukutum, ta yau, wadda ko mu wakilai ba mu taɓa ba, kuma harabar ma'aikatar lafiya aka ce a je, da rana, ba a nemi a zo da komai ba sai takardu. Na ce ba zan rantse ba, amma tamu ce.

Alhaji bai saurare mu ba. Ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da idonsa, ba fuskar yake kallo ba, kafaɗar yake kallo. Hannun nan da na kasa cirewa, da lalle a yatsu, da awarwaro biyu. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Wannan hannun Hajiyata ne. Awarwaron nan ni na sayo shi. Bikin babban yarona ne wannan." Ni da na yi sati ina kallon hoton, ban taɓa tambayar kaina hannun wace ce ba.

Ya miƙa wa Zainab wayarta. Ya ce ta je ta kama wuri a mota, zai aika a kira ƙanensa ya raka ta, kuma kada ta sauka ko'ina sai ƙofar da ta ga ma'aikata da idonta, in ta ga abin da bai kwanta mata ba ta juyo, ba wanda zai tambaye ta dalili. Zarginsa bai tafi duka ba, ya dai ragu har ya bar ta ta wuce. Sha biyu saura kwata suka shiga. Da motar ta tashi ya dawo ya zauna kusa da ni a benci. Ya ce ashe shekara ta zagayo, me ya sa ban faɗa musu ba? Na ce na so takarda ta faɗa. Ya ce Allah ya ƙara haƙuri. Ban gaya masa cewa na kusa barin 'yarsa ta koma gida saboda kaina ba. Sai bayan wata biyu na iya faɗa masa. Ya ce ya gane tun ranar, daga yadda na dafe hannun yarinyar.

Sabis ya dawo ranar Alhamis da la'asar. Zainab ta kira ta ce an tantance ta, wurin na gaske ne, layi har bakin titi. Yanzu tana aiki a wani ƙaramin asibiti ta wajen Fadan Kaje. Muryar ma ta Manaja ce, ruwan ma gaskiya ne. Amma zargina na biyu bai faɗi ƙasa ba: shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka motar ta daina zuwa Kafanchan, kuma ranar ba a yi ruwa ba.

Jaridar wannan makon ta iso ranar Asabar a bayan wata motar kaya. Ledar ta yage, ɗaurin ya sha ruwa ya kumbura. Na zare kwafi na farko na zaga bayan rumfa kamar yadda na yi niyya. Shafukan sun manne. Na sa wuƙa a hankali na raba na goma da na goma sha ɗaya, sai rabin fuskarta ya tafi da ɗaya shafin. Na gwada na biyu, na gwada na uku. Na bi ɗaurin duka. Ba ko ɗaya da ta fito. Alhaji ya karɓi tasa a haka, ya goga yatsa kamar kullum, tawada ta kama masa har farce, amma ba abin da ke karantuwa. Hedimasta ya dubi yatsan ya ce to, ga baƙi, ina labarin? Tun daga ranar dokar benci ta canja ba tare da an zauna a kanta ba. In mutum ya kawo labari, a takarda ko a waya, sai a tambaye shi wa ya sani a ciki, kuma me zai nuna.

Abin da na koya ke nan, ku matasa. Shekara da shekaru na ɗauka takarda mutane suke yarda da ita. Ashe mutumin da ke bayan tebur suke yarda da shi, kuma akwai ranar da za a ce masa ya ajiye wani abu nasa a kan maganarsa. Ni ranar da aka ce mini haka na yi jinkirin kusan rabin sa'a, saura ƙiris jinkirin ya ci aikin yarinya. Ku ci gaba da zargi, sana'ar nan ba ta yiwuwa sai da shi. Amma in hujja tana hannunku, kada ku ɓoye ta a bayan zargi don tana da zafin fitarwa.

Da Zainab ta zo hutunta na farko, na ba ta wayar da na saya, ta zuba mini jaridar a ciki, ta koya mini yadda ake buɗa hoto da yatsu biyu. Ita ce wannan. Jarida ɗaya ce tak a cikinta, kuma shafi ɗaya nake buɗewa.